Asirin Gawar da Na Tona

Da sunan Allah nake buɗe baki. Barira, ki rubuta yadda ya fito, kada ki gyara mini magana don ta yi daɗin ji. Ban shiga lakwal ba, makarantar boko ke nan, amma ban taɓa neman aron baki wurin kowa ba. Ku kuma sauran ɗiyana da jikokina, na Maraɗi da na Ɗan Issa da waɗanda ci-rani ya riƙe a Najeriya, na san abin da ya iso kunnenku. An ce muku uwarku ta tsufa ta ruɗe, ta miƙe tsakiyar mata ranar sadakar bakwai ta tona asirin gawa. Ba ƙarya aka yi muku ba, rabi aka ba ku. Gawa ɗaya na taɓa tona wa asiri a duniya, ga kuma yadda aka yi.

Shekara talatin da ɗoriya ni ke wankan gawar mata a unguwarmu ta nan Madarunfa, daga bakin tabki har bayan kasuwa. Wurin gwaggona na gada. Ranar da ta fara shiga da ni ɗakin wanka, ta kama kunnena ta murɗa tun ban yi laifin komai ba, ta ce abin da idona ya gani a nan, a nan zai zauna har tashin ƙiyama. Na riƙe. Na wanke matan attajirai, na wanke matan masunta, na ga tabon duka, na ga cikin da ba a san da shi ba, ko gira ban taɓa ɗagawa ba. Ubanku ma, Allah ya jiƙan Malam, bai taɓa jin kalma ɗaya daga gare ni ba. Kuma ba wanka kaɗai aka san ni da shi ba. Da yake Malam a zaure yake karantarwa, ni kuma turmina na bayan katangar zauren, hukuncin jinin mata ya zauna mini a ka daram. Mace ba ta iya tunkarar malami da irin wannan tambaya, sai ta zo wurina: Iya Kande, yau kwana kaza, in yi salla ko in dakata? In yanke mata nan take, kuma ba a taɓa kai maganata zaure aka dawo da ita ba. Ina taƙama da wannan, ba zan ɓoye muku ba. Har a tafiyata ana gani.

Akwai wata irin gawa da nake gane ta tun daga bakin ƙofa. Mata ne da suka manyanta, sun rame sun ƙare, wani lokaci ƙafa ɗaya a kumbure, ga wani ruwa haɗe da jini da ba ya tsayawa ko bayan rai ya fita, ga wani wari nasa na daban wanda ba na mutuwa ba ne. Ban san masa suna ba. Dabararsa kawai na sani: in ƙara ganyen magarya a ruwa, in ninka auduga, in ce a kawo kaskon garwashi biyu maimakon ɗaya, in zuba turare har ɗakin ya yi duhu, yadda in dangi suka shigo ban kwana ba abin da za su ji sai ƙamshi. Har yaba mini ake yi. A ce gawar da Kande ta shirya kamar amarya take fita.

Yanzu sai maganar yayarku. Kun tashi ba ku taɓa jin sunanta a bakina ba. 'Yar fari ce, kuma sunan uwar Malam aka sa mata, kunya biyu ke nan. Ana yaye ta gwaggona ta ɗauke ta, a can ta girma, daga can aka kai ta ɗakin mijinta Idi a Gabi. In zan ambace ta sai in ce “ta Gabi”. In ta zo gaishe ni ta durƙusa a bakin ƙofa, ni kuma in kau da fuska gefen bango ina amsawa. Haka muka tarar, haka ake gane mace mai kunya, kuma a unguwar nan ba wadda ta kai ni riƙon wannan.

Shekarar da tabki ya cika har ya ci gonakin bakinsa, bayan an ɗaure gero, ta zo. Ina zaune a inuwar ɗaki ina tsinkar zogale. Ta gama gaisuwa, sai na ji ba ta tashi ba.

“Inna, wata maƙwabciyata ce ta ce in yi miki tambaya.”

“Ina jin maƙwabciyar.”

“Ta ce al'adarta ta ɗauke shekara uku. To ga shi jinin ya dawo, kaɗan-kaɗan, ba shi da rana. Wani lokaci ruwa-ruwa. Ta rasa ta yi salla ko ta bari.”

“Shekarunta fa?”

“Za ta yi kamar ni.”

Na san ita ce. Barira, rubuta wannan, kada hannunki ya tsallake shi: na sani. Wace uwa ce ba za ta sani ba? Amma ta lulluɓe maganar, ni kuma na ga bai dace in yaye ba, don in na juyo na ce “ke ce?” na rushe abin da muka yi shekara hamsin muna riƙo. Sai na gyara murya irin ta zaure, na ce ta ƙirga kwana goma sha biyar, abin da ya wuce haka jinin ciwo ne, ta yi wanka ta yi sallarta, ta riƙa sabunta alwala. Har da barkwanci na ƙara mata.

“Ki ce wa maƙwabciyar taki ta yi murna, ƙuruciya ce ta dawo mata. Mijinta ya fara kiwon ragon suna.”

Ta yi 'yar dariya ta ce za ta faɗa mata. Na cika mata ƙwarya da zogale, ta tafi. Hukuncin nan daidai yake, ko yau a kai shi zaure. Amma da bakina na ce jinin ciwo, ban kuma tambayi wane ciwo ba.

Wata goma bayan haka aka aiko daga gidan likita, wai sajfam, wato ungozomar asibiti, tana son ganin ungozomomin gari da mu masu wanka, don mu ne mata ke jin maganarmu. Na ɗaura zanena na fita kunya, na biya na ɗauki ƙawata Tabawa wadda ke riƙe mini ƙwarya in ina wanka, na ce mu je mu ji abin da 'yar boko za ta koya wa wadda ta riga uwarta ganin jikin mace. Sajfam ɗin, Madam Zali, ba yarinya ba ce, mace ce mai jiki 'yar wajen Safo, mai magana a tsanake. Ta zaunar da mu a kan benci ƙarƙashin rumfa, ta ɗaga wani babban hoto, ta ce akwai ciwon da ke kama bakin mahaifa, sankara, su suna ce masa kansa. Ta ce shekaru yake yi yana zaune shiru, babu zafi babu jini, mace na daka tana noma. Ta ce a wannan lokacin ake kama shi: mace ta kwanta, a shafa binegar a wurin, in akwai abin sai ya yi fari, a ƙone farin da wata na'ura, shi ke nan.

Tabawa ta dafe ƙirji.

“Binegar? Wanda ake zuba wa salak? To Madam, a haɗa mana da mai da albasa, aiki ya cika!”

Rumfa ta ɗauki dariya, har da ni, na fi kowa ma. Madam ta bari muka gama, ita ma tana murmushi, sannan ta ce bari ta faɗa mana yadda yake ƙarewa in ba a duba ba. Ta ce jini bayan al'ada ta ɗauke. Jini bayan mace ta kwana da mijinta. Ruwa da ba ya tsayawa. Ciwon ƙugu, rama, ƙafa ɗaya ta kumbura. Ta ce akwai kuma wani wari, sai ta tsaya tana neman abin da za ta kwatanta shi da shi. Ba ta samu ba. Ni ban buƙaci kwatance ba, a hancina yake.

Wallahi 'ya'yana, ji na yi kamar an zare bencin daga ƙarƙashina. Bakin Madam na motsi amma na daina jin komai. Fuskoki suka riƙa zuwa mini ɗaya bayan ɗaya, waɗanda ba zan kira sunansu ba har in koma ga Allah. Ashe abin yana da suna. Ashe ba ranar mutuwa yake farawa ba. Ashe ruwan salak ɗin da nake wa dariya yana ganin abin da ni, da shekara talatin ɗina, sai a kan tabarmar wanka nake gani. Kuma duk wadda na rufe da ƙamshi, na aika ƙannenta da ɗiyanta gida suna cewa ajali ne kawai, ba su san akwai abin gudu ba. Abin da ya ƙarasa ni shi ne, cikin waɗannan matan na tuna da uku zaune a tsakar gidana, da ransu, suna tambayata su yi salla ko su dakata. Ina cikin wannan sai na ji muryar nan a kunnena, tar: za ta yi kamar ni.

Aka watse, ni ina nan zaune. Tabawa ta ja ni, na ce ta yi gaba. Madam na naɗe hotonta na ce mata:

“Madam, in jinin ya riga ya zo fa? In ya kai wata goma?”

Ta ajiye hoton ta dube ni.

“Wa ce, Iya?”

“Wata maƙwabciya ce.”

“To ki kawo mini maƙwabciyar gobe. Ba jibi ba, Iya.”

Kun ji ni, ƙaryar da aka yi mini ita na je na yi wa wata.

Gari na wayewa na hau kabu-kabu, babur ɗin haya, ni da nake cewa moto ba ta tsohuwar kirki ba ce. Shekara talatin da biyar tana aure a Gabi, ƙafata ba ta taɓa taka gidan ba, don uwa ba ta zuwa gidan 'yar fari, balle ta haɗa ido da suruki. Kuma ku tuna ko ni wace ce: gidan da aka ga na shiga da sassafe, an san abin da ya kawo ni. Ina yin sallama matan gidan suka saki taɓare.

“Innalillahi! Iya Kande? Wa ya mutu?”

Na hango Idi ya yar da butarsa ya faɗa bayan rumbu. Na ce a nuna mini ɗakinta. Tun ban kai ga labule ba hayaƙin turare ya tare ni, da hantsi, ba biki ba suna. Na ɗaga labulen. Kasko biyu ne a ɗakin, ɗaya a bakin ƙofa ɗaya a gindin gado. A ƙarƙashin ƙamshin kuma ga shi nan, wanda na sani, a ɗakin mai rai, a ɗakin ɗiyata. Tana kwance ta ba ni baya, ta koma rabinta. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

“Saratu!”

Ta juyo a hankali tana dubana kamar ta ga aljana.

“Inna? Ni kika kira?”

“Ke na kira. Tashi ki ɗauki mayafinki.”

Na fito tsakar gida na fuskanci rumbu.

“Idi, fito, ga ƙafarka nan ina gani. Yau babu kunya tsakanina da kai. Ɗaura amalanke ka kai mu bakin hanya.”

Ya fito kansa a ƙasa, hula a hannu, dattijo da furfurarsa.

“Inna, na yi mata maganar likita tun da rani. Ta ce ba komai ba ne. Ta ce kin riga kin ba ta hukunci.”

An zage ni a duniya, an yi mini baƙar magana, amma ba a taɓa dukana kamar yadda bawan Allah nan ya doke ni da ladabi ba.

A gidan likita ke Barira kika same mu, da goyonki. Madam ta shiga da yayarki, ba ta daɗe ba ta fito. Na leƙa na ga kwalbar binegar a kan tebur, ko buɗe ta ba a yi ba. Abin ya wuce a neme shi, ido ma na gani. Ta kama hannuna biyu ta ce wannan ya fi ƙarfinta, sai Maraɗi, kuma yau. Tana rubuta takardar da za mu tafi da ita sai ta ɗago ta dube ki, ta ce tunda kin zo ke ma ki shiga ta duba ki. Kin tuna amsar da kika ba ta?

“Ni Madam? Lafiyata lau, ko ciwon kai ba na yi. Ga goyo ma a bayana.”

Saratu na kwance a kan benci, ido a rufe, ta ce:

“Ke Barira, ni shekara nawa na yi lafiyata lau? Miƙa wa Inna yaron ki shiga, ko in tashi in shigar da ke.”

Kika shiga kina ƙunƙuni. Aka shafa, aka ga fari, ɗan ƙarami kamar ƙwayar wake. A makon nan aka ƙone shi, bayan shekara kika koma aka ce babu komai. Ajiye alƙalamin ki sha ruwa, ina jira.

A Maraɗi suka duba suka ce sai Yamai. Idi ya sayar da sansa na huɗa ya kai ta, Allah ya saka masa, bai gaza ba. Bayan wata ɗaya suka dawo da maganin rage zafi, an ce abin ya riga ya bazu. Na ce ba Gabi za a kai ta ba, ɗakina za a kawo ta. Mutane suka yi ta mamaki, ban kula ba. Wata huɗu na samu da ɗiyata cikin shekara hamsin da biyu. A nan na san ba ta cin miyar kuka. A nan na san in ta yi dariya sosai tana dafe goshi, kamar uwata sak. Ina kiran sunanta da dalili da ba dalili, Saratu ga kunu, Saratu juya, Saratu kin ji abin da Tabawa ta yi. Wani hantsi ina tsefe mata kai, kanta a cinyata, sai ta ce:

“Inna, ranar nan ta zogale, kin san ni ce?”

“Na sani.”

“Na san kin sani. Na daɗe a durƙushe ina jira ki juyo.”

Hannuna ya tsaya a cikin gashinta. Hawayena suka ɗiga a goshinta.

“Ba don ki yi kuka na faɗa ba,” in ji ta. “Aiki zan ba ki. Ke za ki wanke ni.”

“Uwa ba ta wanke 'yar fari.”

“Uwa ba ta kiran sunanta ma, ga shi kina kira har kin hana ni barci. Ki wanke ni, kuma abin da kika gani ki faɗa wa mata. Asirina ne, na ba ki shi. Kada ki ce wata maƙwabciya, Inna. Ki ce Saratu.”

Ranar wata Alhamis bayan la'asar ta cika. Na wanke ta da hannuna, Tabawa na zuba ruwa. Da aka kawo kasko biyu na ce a mayar da ɗaya. Ranar sadakar bakwai, gida ya cika da mata, na Madarunfa da na Gabi, ana rabon gumba, na dafa bango na miƙe. Na ce ga sunan ɗiyata, ga ciwon da ya kashe ta, ga yadda ya fara, ga abin da idona ya gani a kan tabarmar wanka. Ban rage komai ba. Na ce ta zo mini da tambaya na ba ta hukuncin salla na sallame ta. Na ce ga Barira nan zaune, ku tambaye ta abin da aka gani a jikinta tana lafiya lau. Tabawa ta riƙa jan gefen zanena.

“Kande, zauna! Gawa ce fa! Ki ji tsoron Allah!”

“Shi nake ji, Tabawa. Sake mini zane.”

Wasu suka toshe kunne, wasu suka ɗauki takalma suka fita ba sallama. Wata tsohuwa daga dangin Idi ta ce ba ta taɓa ganin rashin kunya irin wannan ba, uwa ta kira sunan 'yar fari a bainar jama'a kuma ta tsiraita ta. Na ji ta. Na ƙarasa maganata sannan na zauna.

Tun daga ranar ba a sake aikowa kirana wanka ba. Tabawa ake kira. Ban ga laifin kowa ba: wa zai miƙa gawar uwarsa ga bakin da aka ji ya buɗe sau ɗaya? Ba su san ba ni na buɗe shi ba, izini aka ba ni, kuma na ɗaya ne tak. Amma kada ku ɗauka bai yi mini ciwo ba. Har yau in na ji kuka ya tashi a unguwa, ƙafafuna su ke fara miƙewa, sai na kai bakin ƙofa in tuna, in dawo in zauna. Ƙwaryata ga ta can a rataye, gizo-gizo ya yi gida a ciki. Cikin waɗanda suka fita da toshe kunne kuwa, na sha ganin wasu a kan bencin Madam Zali suna jiran layi. In mun haɗa ido su kau da kai, ni ma in kau da nawa. Har yanzu na iya yin shiru.

Masu tambayar hukunci dai ba su daina zuwa ba, don wannan ba su da wata sai ni. Shekaranjiya ma wata ta durƙusa nan inda kike zaune, ta ce wata maƙwabciyarta ce ta aiko ta. Na ajiye abin da ke hannuna, na juyo gaba ɗaya na dubi tsakiyar idonta.

“Gyara mayafin maƙwabciyar, mu je gidan likita. Hukuncin na ba ki a hanya.”

To, abin da ya faru ke nan. Wanda ya sake ce muku uwarku ta ruɗe, ku karanta masa wannan. Ku mata kuma, ɗiya da jika da surukai, duk wadda ta zo gaishe ni, kafin in amsa zan tambaye ta yaushe aka duba ta, kuma ba bango zan kalla ba.

Barira, kin rubuta sunan? Kawo takardar nan. Nuna mini inda yake, ɗora yatsana a kai. Wannan ne? Daga nan zuwa nan kawai? Ashe ɗan guntu ne haka. Shekara hamsin da biyu ina kewaye shi.